Javac ya ƙi amsawa: muhawarar daren Laraba a zauren masu koyon rubuta manhaja

Sadiya · 8:14 na dare
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka min, tun la'asar nake abu ɗaya. An ba mu aikin gida na Java, ranar Juma'a za mu miƙa. Laftof ɗin tawa ta hannu ce, Windows 10, RAM 4. In na rubuta `java -version` a cmd, baƙar tagar nan ta rubuta umarni, sai ta amsa min da 1.8.0_151, amma in na rubuta `javac Sannu.java` sai ta ce:
`'javac' is not recognized as an internal or external command`
To ta yaya Java tana ciki kuma ba ta ciki? Ni kam kaina ya ɗaure.

Bello_Ubuntu · 8:16
Wa alaikumus salam. Maganin abin ɗaya ne, 'yar'uwa: ki goge Windows ki sa Ubuntu. `sudo apt install openjdk-21-jdk`, ki sha shayi, kafin ki ƙare an gama.

Ummi · 8:17
Bello don Allah ka bari. Yarinya na da aiki jibi, kai kana cewa ta rushe gida don ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Injiniya Nura · 8:23
Wa alaikumus salam Sadiya. Kwamfutarki ba ta yi miki ƙarya ba. Abin da ke cikinta JRE ne, kuma da alama tsohon mai ita ne ya bar shi. JRE aikinsa kawai ya tafiyar da manhajar da wani ya riga ya haɗa. Shi kuwa javac, wanda ke juya abin da kika rubuta ya koma fayil ɗin .class, ba ya zuwa sai a cikin JDK, wato cikakken kayan aikin mai rubuta Java. Kamar a ba ki faranti da cokali ne a hana ki tukunya. Za ki iya cin abin da aka dafa, amma girki babu hali.
Wancan 1.8 ɗin kuma Java 8 ke nan. Da haka ake rubuta lambar, sai daga Java 9 a 2017 aka daina sa ɗayan nan a gaba.

Sadiya · 8:25
Af! To Yaya Nura wanne zan sauke? Na shiga intanet na ga JDK kala-kala, ga 8, ga 17, ga 21, ga 25, ga Oracle, ga wani Temurin, ga Corretto. Kuma datar da ta rage min ba ta kai megabait 400 ba, ba na so in sauke wanda ba shi ba.

Malam Habu · 8:31
Sadiya 'yata, kada su ruɗa ki. Ki nemi JDK 8 ki sa, magana ta ƙare. Shekara da shekaru ina koyar da yara a shagona da shi, bai taɓa ba ni kunya ba. Ba shi da nauyi, ƙananan kwamfutoci suna ɗaukarsa, kuma na tabbata takardun da malaminku ya raba muku a kan 8 aka rubuta su. Da tsohuwar zuma ake magani.

Injiniya Nura · 8:38
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma a nan zan ɗan ja da kai. Java 8 a watan Maris na 2014 ta fito. Yaron da aka haifa a lokacin yanzu ya shiga sakandare. Bayanta an yi sigogi masu dogon tallafi har huɗu: 11 a 2018, 17 a 2021, 21 a 2023, sai 25 a Satumbar 2025. A tsakaninsu kuma duk wata shida sabuwa na fitowa, Maris da Satumba, amma waɗannan mai koyo bai da ruwa da su.
Abin da ya sa nake jan hankali shi ne, ranar da Sadiya ta ce za ta taɓa Spring Boot 3, kayan da ake gina manhajojin intanet da shi a Java, sai da 17 zuwa sama. Ranar da ta ce za ta haɗa manhajar Android da Gradle na yanzu, kayan da ke harhaɗa aikin ya zama manhaja, nan ma 17 za a nema. To me ya sa za ta ƙona datarta a kan abin da wata uku masu zuwa za ta sake cirewa?

Malam Habu · 8:42
Injiniya, ku kuna Abuja cikin sanyin ofis. Yarinyar nan `System.out.println` aka sa ta. Ina ruwan println da Spring Boot? Kuma in ta haɗa aikinta da 21, ta kai ɗakin kwamfutar makaranta inda 8 ce a kai, ya ƙi tashi a gaban malami, kai za ka ba ta makin?

Injiniya Nura · 8:47
Wannan tambayar ta ƙarshe tana da nauyi, Malam, ban raina ta ba. Amma akwai maganinta. JDK 21 yana iya haɗa wa Java 8 aiki:
`javac --release 8 Sannu.java`
Zai ɗan yi ƙorafi cewa 8 ta tsufa, amma zai fitar da .class ɗin da kwamfutar makaranta za ta karɓa. Sabo yana iya sunkuyowa ya yi wa tsoho magana. Tsohon ne ba ya iya miƙewa. Kuma galibi malamai fayil ɗin .java suke karɓa su haɗa da kansu, in dai ba ta yi amfani da sababbin abubuwa irin su `var` ko `record` ba, ba wata matsala.

Ummi · 8:50
Gaskiya ɗaya zan ba Malam. Akwai abubuwan da ke cikin 8 da aka fitar daga baya. JavaFX tun daga 11 ba ya zuwa cikin JDK, sai an sauke shi daban. In takardun malaminsu na da darasin JavaFX ko na applet, za ta sha mamaki a 21. Sadiya me aka ce ku yi takamaimai?

Sadiya · 8:52
Anti Ummi lissafin makin ɗalibai ne kawai, a shigar da maki biyar ya fitar da matsakaici da darajar da mutum ya samu. Da Scanner aka ce mu yi.

Ummi · 8:52
To ai shi ke nan. Wannan ko a 8 ko a 25 duk ɗaya. Sa 21.

Sadiya · 8:54
Na Oracle ko na wa? An ce min na Oracle sai an biya.

Injiniya Nura · 9:03
Ba haka kai tsaye ba. Java dai kamfanin Sun ne ya fito da ita a 1995, Oracle ya saye Sun a 2010. Tushen lambar a buɗe yake, shi ake kira OpenJDK, kuma daga wannan tushen kowa ke ɗiba ya haɗa nasa: Temurin na gidauniyar Eclipse, Corretto na Amazon, Zulu na Azul, har Microsoft na da nasu. Tuwo ɗaya ne, kwano ne ya bambanta.
Maganar kuɗi ta samo asali ne daga 2019, lokacin da Oracle ya sauya lasisin sabunta Java 8 ɗinsa: mai koyo da mai amfanin kansa kyauta, kamfanin da ke kasuwanci da shi kuma sai ya biya. A 2021 suka sake fito da wani lasisin na kyauta tare da 17, mai wa'adi. Ke ɗaliba ba abin da ya shafe ki. Ni dai Temurin nake ba mutane shawara don ba sai ka buɗe asusu ba, ba sai ka zauna karanta sharuɗɗa ba. Girmansa bai wuce wajen megabait 200 ba, datarki za ta isa.

Sadiya · 9:06
Alhamdu lillahi ba sai na sauke ba ma. Wata 'yar ɗakinmu tana da Temurin 21 a filashi, amma na zip ne, ba mai dannawa ya girka kansa ba. Zai yi?

Bello_Ubuntu · 9:08
Zai yi, ya ma fi. Amma filashin ɗakin kwanan ɗalibai? Allah ya kiyaye. Ki buɗe shi ki gani, in kin ga foldoji sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya, ki zare shi da gudu. In kuma kina son tabbatarwa ba a taɓa fayil ɗin ba, `certutil -hashfile sunanfayil.zip SHA256` zai ba ki dogon lamba, ki gwada da wanda ke shafin Adoptium, masu fitar da Temurin. Wannan ba ya cin data.

Injiniya Nura · 9:15
Yawwa. Sadiya bi ni a hankali. Ki buɗe folda a C ki sa mata suna Java. Ki warware zip ɗin a ciki, foldar da ta fito ki sauya mata suna zuwa jdk-21. Ki leƙa cikinta: dole ki ga bin, conf, lib da sauransu kai tsaye. In kika ga wata folda ɗaya tal a ciki, to an yi folda cikin folda, ki fito da ita.
Daga nan ki danna maɓallin Windows da R tare, ki rubuta `sysdm.cpl`, ki shiga Advanced, ki danna Environment Variables. Za ki ga akwati biyu, na sama naki ne ke kaɗai, na ƙasa na kwamfutar gaba ɗaya. Ki ƙirƙiri sabon suna JAVA_HOME, ƙimarsa `C:\Java\jdk-21`. Sai ki buɗe Path, wato jerin foldojin da Windows ke dubawa in an kira manhaja da suna, ki ƙara layi: `%JAVA_HOME%\bin`.

Sani Flutter · 9:17
Duk wannan dogon zance na mene ne? Layi ɗaya ne:
`setx PATH "%PATH%;C:\Java\jdk-21\bin"`
An wuce wurin.

Ummi · 9:21
SADIYA KAR KI YI WANNAN. Sani wallahi ka goge. Setx yana datse duk abin da ya wuce harafi 1024, kuma ba ya tambayarka, sai bayan ya yanke yake gaya maka. Ni ya taɓa yi min. Bara ina tsakiyar aikin wani mai shago, na kwafo wannan layin daga intanet, har na ƙara masa /M don ya shiga akwatin ƙasa. Na buɗe sabon cmd, git ya ɓace, node ya ɓace, flutter ya ɓace. Rabin Path ɗina ya tafi, layin ƙarshe an yanke shi a tsakiyar kalma kamar an sa almakashi. Allah ya taimake ni akwai tsohuwar tagar cmd da ban rufe ba, a can na yi `echo %PATH%` na kwafo na asali. Da na rufe ta, da kwana zan yi ina tuno abin da ke ciki. Kuma ko bai yanke ba, yana kwashe na ƙasa ya zuba a na sama, komai ya zama biyu-biyu.

Sani Flutter · 9:22
Ni dai bai taɓa yi min ba.

Ummi · 9:22
Path ɗinka ne bai yi tsawo ba tukuna. Jira.

Sadiya · 9:31
Na yi yadda Yaya Nura ya ce, amma har yanzu not recognized. Kamar in yi kuka.

Injiniya Nura · 9:32
Kin rufe cmd kin buɗe sabo?

Sadiya · 9:32
A'a, wanda nake ciki tun ɗazu ne.

Injiniya Nura · 9:34
To shi ne. Kowace taga tana ɗaukar kwafin Path ne a lokacin da aka buɗe ta, ta riƙe shi har a rufe ta. Abin da ya ceci Ummi ke nan, shi ne kuma yake wahalar da ke. Rufe, buɗe sabo, ki turo min abin da `echo %JAVA_HOME%` ya nuna.

Sadiya · 9:36
`C:\Java\jdk-21\bin`
Kuma javac bai yi ba har yanzu.

Malam Habu · 9:38
Ga ɓarawon nan. Kin sa bin a cikin JAVA_HOME, sannan a Path kin sake cewa bin. Kwamfuta tana can tana neman bin a cikin bin. Cire na farkon, 'yata. JAVA_HOME ƙofar gida yake nunawa, Path ne ke shiga har ɗaki. Ɗan hakin da ka raina. Yarana a shago duk sati sai wani ya yi wannan.

Sadiya · 9:43
Ya yi! `javac -version` ya ce javac 21.0.5. Na haɗa Sannu.java, ga Sannu.class ya fito. Allah ya saka da alheri Baba Malam.

Sadiya · 9:45
Inna lillahi. Na rubuta `java Sannu` sai ga wani dogon jan zance. A ciki akwai `UnsupportedClassVersionError`, da `class file version 65.0`, sannan `only recognizes class file versions up to 52.0`. Me na ɓata kuma?

Malam Habu · 9:46
Injiniya, ga abin da na faɗa tun ƙarfe takwas. Gani ya kori ji.

Injiniya Nura · 9:52
Na karɓa Malam, irin ciwon da ka hango ne, sai dai a gida ya kama ta, ba a makaranta ba. Sadiya ba ki ɓata komai ba, kuma wannan kuskuren ya fi duk na baya amfani, ki fahimce shi da kyau.
Kowane fayil na .class yana ɗauke da lambar sigar da ta haɗa shi. Lissafin mai sauƙi ne, ki ƙara 44 a kan sigar Java: 8 ta ba da 52, 11 ta ba da 55, 17 ta ba da 61, 21 ta ba da 65. Saƙon yana cewa wanda ya haɗa fayil ɗin 21 ne, wanda aka ba shi ya tafiyar kuma 8 ne. Wato javac ɗinki sabo ne, java ɗinki kuma har yanzu tsohon nan ne na mai laftof. Rubuta `where java` ki turo.

Sadiya · 9:54
`C:\ProgramData\Oracle\Java\javapath\java.exe`
`C:\Java\jdk-21\bin\java.exe`

Injiniya Nura · 10:02
Kin gan su, su biyu. In kika kira java, Windows ba ta tunani, ba ta duba wanne ne sabo. Tana bin foldojin da ke Path ɗaya bayan ɗaya daga sama, wanda ta fara cin karo da shi shi ne nata, sauran ko oho. Layin gidan mai ne, na gaba shi ake ba. Javac ya yi aiki ne don shi kaɗai ne mai sunan a duk layin, tsohon JRE ba shi da javac. Java kuwa su biyu ne, kuma tsohon ya riga ki zuwa.
Na tabbata a akwatin sama kika sa naki. Windows tana jera na ƙasa ne da farko, sannan ta liƙa na sama a bayansa. Don haka ko kin kai layinki ƙololuwar akwatin sama, javapath da ke akwatin ƙasa yana gabansa.
Hanya biyu ce. Ko ki shiga wurin cire manhajoji ki cire Java 8 ɗin gaba ɗaya, ko ki mai da layinki akwatin ƙasa ki danna Move Up har ya hau kan javapath. In ta biyun kika zaɓa, JAVA_HOME ma ki mai da shi ƙasa, don Path na ƙasa ba ya ganin sunan da aka ajiye a sama.

Malam Habu · 10:05
Kar ta yi saurin cirewa. Ba ta san abin da ke jingine da shi ba. Akwai tsofaffin manhajoji da ba sa tashi sai da 8. Ta bi ta biyun, ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Ummi · 10:06
A nan ina bayan Malam.

Lawali Damagaram · 10:12
Salamu alaikum, ina gaishe da manya. Tun ɗazu ina biye da ku shiru, don ciwon Sadiya ne ke damuna sati guda. Mu nan Windows ɗinmu da Faransanci take, saƙon da take ba ni shi ne `'javac' n'est pas reconnu en tant que commande interne ou externe`. Duk bidiyon da na kalla da Turanci ne, sunayen maɓallan ba su dace da nawa ba, sai in ɓace a hanya. Wannan `sysdm.cpl` da Injiniya ya faɗa shi ya fisshe ni, ya buɗe daidai ba ruwansa da harshe. A wurinmu Variables d'environnement aka rubuta. Ni da mai girka kansa na yi, na msi, amma JAVA_HOME babu shi sam. Me ya sa?

Ummi · 10:16
Malam Lawali barka da dare. Mai girkawar Temurin yana ƙara Path da kansa, amma zaɓin saita JAVA_HOME a kashe yake zuwa, akwai ɗan jan kuros a gefensa. Yawancinmu muna ta danna na gaba, na gaba, ba ma kallo. Ka sake kunna shi ka zaɓa, ko ka sa da hannu. Shi cmd bai damu da JAVA_HOME ba, Path kawai ya sani. Maven da Gradle da irinsu ne ke tambayarsa, shi ya sa mutum zai yi wata biyu lafiya, ranar da ya taɓa Maven abin ya tashi.

Sani Flutter · 10:21
Ni fa har yanzu ban ga amfanin wannan wahalar ba. Awa biyu ana abu ɗaya. IntelliJ IDEA yana sauke JDK da kansa, ka zaɓi siga ka danna. Android Studio da nasa yake zuwa a foldar jbr. BlueJ ma da aka yi don 'yan koyo da nasa yake zuwa. A wannan zamanin wa ke zama yana gyaran Path? Kuna koya wa yarinya ƙirar fatanya alhali ga tarakta.

Bello_Ubuntu · 10:24
Tarakta a RAM 4? Android Studio su da kansu 8 suka ce mafi ƙaranci. Ta kunna shi ta tafi sallar isha'i ta dawo yana lodi.

Injiniya Nura · 10:33
Sani, ba na faɗa da IDE, wato irin su IntelliJ da ka lissafo, kullum a cikinsa nake wuni. Amma bari in ba ka labari. Akwai yaron da aka turo mana koyon aiki, ya iya rubuta Java sosai, ya fi ni sauri ma. Ranar da aka ce ya ɗora aikinsa a saba, wato kwamfutar da ke tafiyar da aikin ga masu amfani, baƙin allo kawai, babu koren maɓallin dannawa, sai ga wannan saƙon na Sadiya, 61 da 55. Ya yini yana sake rubuta lambarsa yana zaton a can kuskuren yake. An bar jaki ana dukan taiki. Shekara uku yana Java bai taɓa sanin kwamfuta ɗaya na iya ɗaukar Java uku ba, balle ya san wacce ke amsawa in an kira.
Kai kanka da kake Flutter, ranar da Gradle ya ce maka sigar Java ba ta dace ba, ina kake dubawa? Ba `flutter doctor -v` kake yi ka ga wace Java ya ɗauka ba? Ai tambayar Sadiya ce, ta sauya riga.

Sani Flutter · 10:35
Wannan kam ya taɓa cin min kwana biyu, ba zan yi musu ba. Amma ban yarda a fara da shi ranar farko ba. Mutum ya fara ganin abu na aiki, ya ji daɗi, sannan a nuna masa hanji. Da yawa a nan suke gudu su ce Java wuya.

Malam Habu · 10:40
Ni a shago sati biyun farko Notepad da cmd kawai nake ba su, sai sun haɗa da hannu sau goma kafin su ga NetBeans. Wasu suna gudu, gaskiya ne. Amma ka san abin da ya fi korar su? Ba Path ba ne. Notepad ya ajiye musu Sannu.java.txt, Windows ta ɓoye txt ɗin, yaro yana kallon fayil da idonsa javac yana cewa babu shi. Na ga babban mutum mai gemu ya kusa fasa allo a kan wannan.

Bello_Ubuntu · 10:43
Duk da kun hana ni magana, a Ubuntu `sudo update-alternatives --config java` zai jero maka duk waɗanda ke ciki ka zaɓa da lamba. In kana son sauyawa tsakanin aiki da aiki kuma ga SDKMAN. Na faɗa na fita.

Sadiya · 10:49
Ku yi haƙuri an ɗauke wuta, sai da na koma ɗakin karatu. Na mai da su akwatin ƙasa, na hau da shi sama, na buɗe sabon cmd. Yanzu `java -version` na cewa 21.0.5, `where java` kuma nawa ne a farko. Sannu ya tashi!
Sai dai abu ɗaya. Na rubuta ya buga "Sannu da ƙoƙari" sai ya fito `Sannu da ?o?ari`. Ɗ da ɓ ma haka, duk alamar tambaya.

Ummi · 10:58
Barka! Wannan kuma ciwonmu ne na masu ƙugiya, Bature bai san da shi ba. Java ɗinki lafiya take. Tun daga JDK 18 a 2022 aka mai da tsarin haruffa na UTF-8, mai ɗauke da ƙugiyoyinmu, ya zama shi ne na asali, don haka javac 21 ya karanta ƙ ɗinki daidai. Tagar cmd ce ke kan tsohon tsarin haruffa da babu ƙ, ɗ, ɓ a cikinsa, to in Java ta zo bugawa ta ga babu harafin sai ta sa alamar tambaya. Kafin ki tafiyar, rubuta `chcp 65001`, sannan `java Sannu`.
Kin ma yi sa'a. A 8 ko 11 ko 17 a kan Windows, javac ɗin kansa da windows-1252 yake karanta fayil in ba ki ce masa `-encoding UTF-8` ba. Harafin ƙ bait biyu ne a UTF-8, sai ya ɗauke su haruffa biyu daban, "ƙasa" ta koma `Æ™asa`. Babban Ɓ kuwa ya fi muni, bait ɗinsa na biyu babu shi sam a wancan tsarin, sai javac ya tsaya cak da `unmappable character`. Na taɓa rasa rabin yini a kan kalmar "Ɓangare" a saman wani rasit.

Malam Habu · 11:04
Tsaya, Ummi. Kina nufin wannan Æ ɗin da ke fito wa yarana in sun rubuta sunan Ƙaura ko Ɗanladi, daga nan yake? Shekara nawa ina ce musu su rubuta k da d kawai, wai Java ba ta jin Hausa!

Ummi · 11:05
Tana ji Malam, ba a gaya mata da wane kunne za ta saurara ba ne. Ko a 8 ɗin naka `javac -encoding UTF-8` zai gyara rabin matsalar.

Sadiya · 11:09
`Sannu da ƙoƙari`
Ya fito da ƙugiyarsa! Wallahi har na yi ihu mai gadi ya leƙo. Na gode Yaya Nura, Anti Ummi, Baba Malam, har da Bello mai son a goge min Windows. Bari in fara ainihin aikin, ko layi ɗaya ban rubuta ba.

Injiniya Nura · 11:11
Allah ya ba da sa'a. Tunda 21 gare ki, don gwaji kina iya `java Sannu.java` kai tsaye ba sai kin kira javac ba, tun 11 aka kawo wannan. Amma wanda za ki kai makaranta kar ki manta da `--release 8`.

Malam Habu · 11:18
Injiniya, ba wai na sauka daga kan 8 ba ne, kar ka je kana ba da labari. Amma Asabar in Allah ya kai mu zan aiko yaro da filashi, Sadiya ta zuba min zip ɗin nan in gwada a kwamfuta biyu. Sai dai uku daga cikin na shagon 32-bit ne.

Injiniya Nura · 11:21
Waɗannan ukun zip ɗin Sadiya ba zai hau kansu ba, Malam, na 64 ne. Temurin 17 na da na 32-bit, shi zan sauke maka a ofis in turo. Filashin dai a wanke shi kafin ya zo.

Bello_Ubuntu · 11:22
Ko kuma a sa musu Linux.

Ummi · 11:22
Bello je ka kwanta.